Kwanan Watan da Ke Jikin Robar Yogot: Yadda Ake Karanta Shi, da Kwana Nawa Ya Rage Bayan An Buɗe

Duk yogot ɗin da ya fito daga kamfani mai rajista yana ɗauke da kwanan wata, ko a kan murfi, ko a wuyan gora, ko can a gindinta, an buga shi da ƙananan baƙaƙen lambobi. Mutane sun rabu biyu a kansa. Wani bai taɓa dubawa ba, muddin da sanyi sai ya kafa kai. Wani kuma ya dogara da shi gaba ɗaya: idan ranar ba ta zo ba, ko robar ta yi mako biyu a buɗe zai ba yara, idan kuma ta wuce da kwana ɗaya zai zubar ko da ba a taɓa cire murfin ba. Dukkansu sun yi kuskure, kuma kuskuren na biyun ya fi wuyar ganewa, domin shi yana ganin yana bin ƙa'ida ne.

Kwanan watan nan alkawari ne da kamfani ya yi bisa sharaɗi biyu: murfin yana nan a liƙe yadda ya fito, sanyi kuma bai yanke ba tun daga kamfani har zuwa hannunka. Ranar da ɗaya daga cikin sharuɗɗan ya karye, lissafin kamfani ya ƙare, naka ya fara. A ƙasar da wutar lantarki ke zuwa tana tafiya, zafin Afrilu kuma yake haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, wannan lissafin na gida shi ne ya fi muhimmanci.

Abin da rubutun yake faɗa

Galibi za ka ga layi biyu ko uku. Wanda aka rubuta MFD ko MFG ko PROD shi ne ranar da aka yi kayan. Wanda aka rubuta BN lambar rukunin da aka sarrafa tare ce, da ita ake bin sawun kaya idan matsala ta taso. Sai lambar rajistar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna a Najeriya. Layin da ya fi damun mu shi ne na ƙarshen wa'adi, shi kuma iri biyu ne, ba ɗaya ba.

Idan an rubuta "Best before" ko BB, magana ce ta inganci. Kamfani yana cewa har zuwa wannan rana ɗanɗano da ƙamshi da kauri suna nan yadda ya yi su. Bayan ranar biskit na iya yin laushi, garin shayi na iya rage ƙamshi, amma ba su zama guba ba. Taliya, shinkafa, kayan gwangwani da ire-irensu duk a nan suke, matuƙar ledar ba ta huje ba, gwangwanin kuma bai kumbura ko ya yi tsatsa ba. Idan kuwa an rubuta "Use by" ko EXP, magana ce ta lafiya. Ana sa shi a kan abin da ke saurin lalacewa, irin su nama da kifi da ɗanyar madara, kuma idan ranar ta wuce an gama, komai kyawun abin a ido. Madarar jarirai ma haka za a ɗauke ta, ko wane iri aka rubuta a gwangwanin. A Amurka, inda dokar tarayya ba ta tilasta sa kwanan wata a yawancin abinci ba, madarar jarirai ce aka ware aka ce dole.

'Yan'uwanmu na Nijar da Chadi da Kamaru za su tarar da wannan rabe-raben da Faransanci. "À consommer jusqu'au", wato DLC, shi ne na lafiya, ba a ƙetare shi. "À consommer de préférence avant", wato DDM, shi ne na inganci. Kalmomi kaɗan ne kacal suka raba su a ido, shi ya sa ake bukatar nutsuwa wajen karantawa.

Akwai tarko ɗaya a tsarin lambobin. Mu muna fara rubuta rana, sai wata, sai shekara. Amurkawa su kan fara da wata. Don haka 03/08 a kayan gida 3 ga Agusta ne, a kayan Amurka kuma 8 ga Maris. Ƙa'idar Codex, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya suka shimfiɗa, ta ce abin da ba ya wuce wata 3 a rubuta masa rana da wata, wanda ya fi haka daɗewa kuma wata da shekara sun isa. Idan wata da shekara kawai ka gani, wa'adin yana kaiwa ƙarshen watan. Gishiri da sukari ba a ma wajabta musu wa'adi ba.

Rashin bambance waɗannan biyun yana jawo asara mai yawa. Wani bincike da hukumar zartarwar Tarayyar Turai ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa har kashi 10 cikin 100 na tan miliyan 88 na abincin da ake zubarwa duk shekara a ƙasashenta yana da nasaba da kwanan watan da ke jikin kaya. Zubar da abinci mai kyau almubazzaranci ne, ba na son sa. Sai dai wannan sassaucin na abin da ya riga ya shigo gidanka ne. A shago, kada ka sayi abin da wa'adinsa ya wuce ko da an rage maka kuɗi, kuma ka lura da kwanan watan da aka kankare, ko aka manna wata 'yar takarda a kansa, ko tawadarsa take gogewa da yatsa. Canza wa'adin kaya ha'inci ne da ake kama mutane a kansa.

Dalilin da yogot ya fi madara juriya

Ana dafa madara ta kai wajen digiri 85 zuwa 90, a bar ta ta huce zuwa digiri 43 ko kusa da haka, sannan a zuba mata ƙwayoyin bakteriya masu amfani iri biyu. Ɗaya daga cikinsu sunan ƙasar Bulgeriya take ɗauke da shi, domin wani ɗalibin likitanci ɗan ƙasar, Stamen Grigorov, shi ya gano ta a 1905. Waɗannan ƙwayoyin suna cinye sukarin da ke cikin madara su mai da shi tsami. Tsamin ne yake sa madarar ta kama ta yi kauri, shi ne kuma garkuwarta: a ma'aunin tsami na pH ɗanyar madara tana wajen 6.7, yogot kuma yana sauka zuwa 4.6 ko ƙasa, inda yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya hayayyafa. Hikimar da ke cikin kindirmo ke nan tun kafin a san firji.

Amma garkuwar tana da iyaka. Yis da funfuna ba su damu da tsami ba, su ne ma suka fi lalata yogot, kuma sukari da 'ya'yan itatuwa abinci ne a wurinsu. Shi ya sa yogot mai zaƙi ko mai ayaba da abarba yake riga wanda ba a sa wa komai ba lalacewa. Sannan tsami yana hana hayayyafa ne, ba lallai ya kashe ba. Wasu nau'o'in ƙwayar cutar E. coli suna iya zama da rai kwanaki a cikin yogot idan sun shiga ta hannu mai datti ko gurɓataccen ruwa.

A kasuwa kuma yogot iri biyu ne. Akwai mai rai, wanda kullum a firji ake ajiye shi, wa'adinsa makonni kaɗan. Akwai kuma na kwali wanda ake jerawa a kanta babu sanyi, wa'adinsa watanni, domin an sake dafa shi bayan ya yi tsami aka rufe ba tare da iska ta shiga ba. Mutane suna ruɗuwa da na kwalin, suna zaton tunda ya yi wata huɗu a kanta zai iya yin mako a kan tebur. Ba haka ba ne. Da zarar an huda shi ya zama ɗaya da ɗan'uwansa, sai firji, sai a shanye cikin kwanakin da aka rubuta a jikinsa.

Daga ranar da aka cire murfi

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce yogot yana yin mako 1 zuwa 2 a firji mai sanyin digiri 4, a firiza kuma wata 1 zuwa 2. Ga robar da aka riga aka buɗe, ni shawarata kada a wuce kwana 5 zuwa 7. Idan kamfani ya rubuta ƙasa da haka, misali a shanye cikin kwana 3, a bi nasa, domin shi ya san abin da ya zuba a ciki. Tsakanin wannan lissafin da wa'adin da ke kan murfi, duk wanda ya riga cika shi ne mai aiki. Idan saura mako uku a murfi amma ka buɗe yau, mako ɗaya kake da shi. Idan "Use by" ɗin gobe ne ka buɗe yau, zuwa gobe ne.

Wanda ba a buɗe ba fa, ya wuce "Best before" da 'yan kwanaki? Idan ya zauna cikin sanyi na gaske, robar ba ta kumbura ba, warinsa da kamanninsa lafiya lau, babba mai lafiya zai iya sha. A 2022 wani babban rukunin shaguna a Birtaniya, Co-op, ya sauya wa yogot ɗinsa rubutu daga na lafiya zuwa na inganci saboda wannan dalili.

To amma duk lambobin nan an gina su ne a kan firjin da ba ya mutuwa, kuma a nan ne maganar tamu ta sha bamban da tasu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son a riƙe abinci mai saurin lalacewa ƙasa da digiri 5, domin daga 5 zuwa 60 ne ƙwayoyin cuta suke bunƙasa. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kamar awa 4 idan ba a buɗe ƙofar ba. Firiza cike da kaya tana kai awa 48, mai rabi kuma awa 24. Abin da aka fitar waje awa 2 ne iyakarsa, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1. A Kano ko Damagaram lokacin bazara, kusan kowace rana ta faɗa cikin dokar awa ɗayan nan.

Ba wai yogot yana zama guba da cikar minti sittin ba ne. Tsaminsa yana ba shi ɗan jinkirin da nama ko madara ba su da shi. Amma kowane ɗumi da ya sha yana rage masa kwana, kuma dawowar wuta ba ta mayar da abin da ya tafi. Firji yana rage wa ƙwayoyi gudu ne, ba ya kashe su. Don haka ga yadda nake ganin ya dace a lissafa a gidajenmu. Inda wuta ta tsaya, ko akwai sola ko janareta mai riƙe firji dare da rana, mako ɗaya. Inda wuta ke yankewa 'yan awoyi ta dawo amma cikin firjin bai taɓa yin ɗumi ba, kwana 2 zuwa 3. Inda firjin ya kwana a mace har robar ta bar sanyi a hannu, ko babu firjin ma sam, a shanye nan take, kada a kwana da shi. Wanda ya yini cikin ɗumi kuma kada a ba ƙaramin yaro, ko mai juna biyu, ko tsoho, ko wanda ciwo ya raunana, ko da bai nuna wata alama ba.

Tun daga wurin saye

Rabin rayuwar yogot tana ƙarewa kafin ya iso gida. Shaguna da yawa suna kashe janareta da dare, kaya su huce, da safe a sake kunnawa. Ka taɓa robar: sanyinta ya ratsa, ko bayanta ne kawai ya yi raɓa? Ka ɗaga ta ka duba. Idan ruwa ya ware da yawa, cikin ya yi gudaji-gudaji, takardar jiki ta jiƙe ta yamutse, alama ce ya daskare ya narke, mai yiwuwa ba sau ɗaya ba. Ka duba zoben murfin ko a yanke yake. Wanda ake tallarsa a tasha ko a cunkoson motoci, ka leƙa kular ka ga ko da sauran ƙanƙara, ko ruwa ne kawai yake iyo a ciki tun azahar. Idan kana cefane, yogot ya zama abin ƙarshe da za ka saya, kada ya yi ta yawo a but ɗin mota. Kuma ka sayi girman da za a iya gamawa. Babbar roba ta fi araha a lissafi, amma idan firjinka ba abin dogaro ba ne, ƙananan da kowa zai shanye tasa lokaci guda sun fi.

A gida, wurinsa can ciki ne, a shiryayye na tsakiya ko na sama, nesa da ɗanyen nama. Ƙofar firji ita ce wurin da ya fi ɗumi, ita ce kuma ake ta buɗewa. A tsiyaya a kofi, kada a kafa baki a gora, domin yawu yana ɗauke da ƙwayoyinsa. Mai kauri a ɗiba da cokali wankakke busasshe, kada a lasa a mayar. Abin da yaro ya rage a kofi ba ya komawa cikin roba. A rufe murfin da kyau a mayar da ita nan take, kada ta zauna a kan tabarma har a gama cin abinci. Sai ƙaramin aikin da ya fi duka amfani: a rubuta ranar buɗewa da biro a kan murfi. A gida mai yawa babu wanda zai tuna ko Talata aka buɗe ko Alhamis.

Don ranar ɗauke wuta, a riƙa daskarar da ledojin ruwa ko gorori a firiza. Da wuta ta tafi a kwaso su a jera kewaye da yogot ɗin, ko a haɗa su a kula a rufe, a kuma hana yara buɗe ƙofa. Idan ka san ba za a gama shi ba, ka raba shi a ƙananan robobi ka daskarar tun yana sabo, ba sai ya kusa lalacewa ba. Zai ɗan tsinke bayan ya narke, amma ya yi daidai da dama fura. A narkar da shi a cikin firji, kuma wanda ya narke ba a sake daskarar da shi. Randa da tukunya cikin tukunya, irin wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, suna rage zafi sosai, musamman lokacin da iska ta bushe. Suna tsawaita ran tumatir da alayyafo, amma ba sa sauka digiri 5, don haka yogot a cikinsu na yini ne kawai.

Yadda ake gane ya tafi

Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Alama mafi bayyana ita ce kumburi: gora ta yi tauri, ko ledar murfi ta taso, idan an buɗe ta yi tsaki kamar lemon kwalba. Yis ne ya ci sukarin yake fitar da iska. Irin wannan za ka ji warin barasa-barasa, ka ga ƙananan kumfa suna tasowa. Sai funfuna, kore ko baƙa ko fara mai gashi-gashi, ko wani ɗigo ruwan hoda, sau da yawa a bakin robar ko a ƙarƙashin murfi. Sai yauƙi, da ɗaci, da wari mai bugun hanci. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a zubar. Kada a kwashe inda funfunar take a sha sauran, domin a abu mai laushi da ruwa jijiyoyinta sun riga sun ratsa ƙasa inda ido ba ya gani. Kada kuma a ɗanɗana don a tabbatar, kada a ce za a dafa shi ya gyaru. Wasu gubobin ba sa jin wuta.

Abu biyu kuma ba lalacewa ba ne. Ruwa-ruwan nan mai ɗan rawaya da ke taruwa a sama na jikin madarar ne, a juya shi ya koma ciki. Ƙarin tsami kaɗan bayan kwanaki shi ma daidai ne, domin ƙwayoyin masu amfani suna ci gaba da aikinsu a hankali ko cikin sanyi.

Abin da nake so a riƙe da kyau shi ne, hanci da ido suna kama ruɓewa ne kawai. Ƙwayoyin da ke kwantar da mutum, irin su Salmonella da Listeria, ba su da wari, ba sa canza launi. Shi ya sa lissafin kwanaki da na sanyi ba ya faɗuwa don abu ya yi kyau a ido.

Kindirmo, na gida, da fura

Kindirmon ƙwarya da yogot ɗin da ake haɗawa a gida ba su da kwanan wata, sai dai tambaya. An dafa madarar kafin a kwantar da ita? Wannan ce tambaya ta farko, domin ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da tarin fuka na dabbobi da cutar burusela mai sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Da wane ruwa aka tsinka nonon? Sau da yawa ruwan da aka ƙara da ludayin da ke shiga yana fita su ne matsalar, ba nonon ba. Mai yi a gida ta tafasa madarar, ta wanke mazubi da ruwan zafi, ta bar shi ya kama cikin awa 6 zuwa 8, sannan ya wuce firji kai tsaye, a gama da shi cikin mako. Masu ɗurawa a gora suna sayarwa a unguwa, ina roƙonsu su riƙa rubuta ranar da suka yi, ko da a 'yar takarda ce. Haƙƙin mai saye ne.

Da zarar an dama fura da yogot, an zuba sukari da dabino ko kwakwa, lissafin ya canza gaba ɗaya. Gero ya rage ƙarfin tsamin, hannu ya shiga, an ƙara ruwa da ƙanƙara. Wannan na ranar ne. Da azumi, wadda aka dama don buɗa-baki idan ana son ta kai sahur, a raba ta tun farko a sa rabon sahur a firji, kada ta zauna a ƙwarya har bayan tarawihi.

Idan an sha, ciki ya ɓaci

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa mutum miliyan 600 ne gurɓataccen abinci yake kwantarwa duk shekara, 420,000 suna rasuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da ya fi kashe yaro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, don haka a fara da ruwan gishiri da sukari tun daga zawon farko. Na leda da ake sayarwa a kemis ya fi; idan babu, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a cikin lita 1 ta tsaftataccen ruwa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ko yana amai, mai shan mama kuma a ci gaba da ba shi. Kada a yi gaggawar sayen maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ganin ma'aikacin lafiya ba.

A tafi asibiti ba tare da jira ba idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana komai zama, ko idon yaro ya faɗa, fitsarinsa ya ɗauke, jikinsa ya saki. Mai juna biyu da ta ji zazzaɓi bayan ta sha abin da take zargi ita ma ta je, ko da cikinta bai ɓaci ba. Idan kuma yogot ɗin na kamfani ne, wa'adinsa bai cika ba, aka same shi a lalace tun buɗewar farko, a adana robar ko a ɗauki hoton lambar rukunin da kwanan watan, a kai ƙorafi shagon da ofishin NAFDAC na jiha, domin sauran robobin rukunin suna nan a firjin wasu gidajen.